Kada A Yanke Wayar Ƙasa

Jama'a, makaɗan jita mai kaurin murya a Amurka da Ingila har yau suna ji da tsofaffin akwatunan ƙara sauti, irin su Fender Bassman na 1952 da Ampeg B-15 na 1960. Aibinsu shi ne ƙugin lantarki a lasifika. Sau da yawa kwandansa ce ta tsufa, musanya ta kuwa shi ne magani. Amma waɗansu sai su yanke wayar da ke kai wuta ƙasa don ƙugin ya lafa. Wannan ganganci ne, gama in wuta ta ɓalle, jikin makaɗi za ta bi. Makirufo marar wannan waya shi ya kashe makaɗi Les Harvey a Swansea cikin 1972. Lalle a kai wa gwani gyara, domin rai ya fi kiɗa.