Hangen Hubbare Ba Ziyara Ba Ce

A ƙauyukanmu na tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, inda gonar wannan gari take haɗe da ta wancan babu daji a tsakani, sau ɗaya kuɗi suke shigowa hannun talaka a shekara. Sai kaka ta yi, an yanke gero, an cire gyaɗa, an kai wake kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Masu shirya ziyara sun fi kowa sanin wannan lissafi. Amfani yana shiga rumbu sai ka ji mota da lasifika tana zagaya unguwanni, ko ka ga talla tana yawo a WhatsApp: ziyarar waliyyai, Sakkwato da Wurno da Gwandu, kwana uku kacal, da ci da sha da masauki, kujeru sun kusa ƙarewa.

Bara gwaggona ta sayi kujera. Shekara biyu tana zubin adashi, ta ƙara da kuɗin akuya ɗaya, domin tun tana budurwa take jin mahaifiyarta tana ambaton Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da ta dawo na je yi mata barka da zuwa, na ce, "Gwaggo, yaya kika ga Hubbare?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ni dai bayan matar da ke gabana na gani." Da azahar suka isa, aka jera su, aka ce kowa ya hanzarta akwai sauran tafiya. Ba ta gama Ƙulhuwallahu goma sha ɗaya ba yaron mota ya fara ƙwala kira. A kasuwa kuwa sai da suka yi awa biyu, a rumfar wani mai turare da carbi wanda daga gani ya saba da mai tafiyar. Da na gaya mata cewa Nana Asma'u tana kwance a wannan hubbaren kusa da mahaifinta, sai ta riƙe baki. Babu wanda ya faɗa musu.

Ba zan kama sunan mutumin ba, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Abin da nake cewa a fili shi ne, ziyarar kwangila, wadda ake sayar da kujerarta kamar tikitin kallon ƙwallo, cuta ce da aka lulluɓe da mayafin addini, kuma lokaci ya yi da za mu daina zuba mata guminmu.

Mu yi lissafi. Ejan yana karɓar kuɗin kujera tun kafin a tashi. Abin da ya rage bayan kuɗin mai da abinci da masauki da sallamar direba, shi ne ribarsa. Ke nan duk awar da gwaggo ta ƙara a gaban kabarin Shehu daga aljihunsa take fita, kwana ɗaya kuwa in an ƙara asara ce tsagwaronta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsukewa. Ita kuma talla tana son sunaye da yawa, don wanda ya jera gari uku ya fi mai gari ɗaya ciniki. Daga Kano zuwa Sakkwato ta Funtuwa da Gusau tafiyar sama da kilomita 500 ce, yini guda cur. Wurno tana arewa maso gabas da Sakkwato, Gwandu tana can kudu maso yamma cikin Jihar Kebbi. Cire yinin zuwa, cire yinin dawowa, me ya rage? Yini ɗaya, a raba wa garuruwa uku da kasuwa. Ko mutumin kirki ka ɗora a kan wannan tsari, sai ya mayar da shi mai korar garke.

Dubi kuma abin da ake tsallakewa. Waɗannan wurare babi-babi ne na labari ɗaya. A Degel Shehu ya yi ta karantarwa har ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan an ci Alƙalawa a 1808 ya zauna shekaru a Sifawa, kusa da Boɗinga, yana rubutu da koyarwa, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Gwandu ce mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi, mai tafsirin Diya'ut Ta'wili. Wurno kuwa ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a bakin daga, ya tare a can har ya rasu a 1837. Wanda ya je Wurno bai san abin da ya sa Sarkin Musulmi ya bar babban birni ya koma bakin iyaka ba, gini kawai ya gano. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce hanya ba lafiya. Za a ce tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kano ba ba za ta iya canja mota a tashar Gusau ba, kuma mace tana buƙatar muharrami ko amintattun abokan tafiya. Za a ce ba don ejan ba da gwaggo ta koma ga Allah ba ta ga ko bangon Hubbare ba. Duk gaskiya ne. Shi ya sa ba na tare da 'yan'uwana 'yan boko masu cewa kowa ya ɗauki jakarsa, ya buɗe Google Maps, ya kama hanya shi kaɗai. Wannan shawarar saurayi ce mai albashi da waya cike da caji. Taswirar waya ba za ta gaya maka ƙarfe nawa direbobi suke daina bin hanyar Tsafe ba, ko zauren wa za ka yi sallama a Wurno in dare ya yi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Sai dai a daina sayar mana da cikar mota a matsayin tsaro. A watan Agustan 2021, matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba a Jos suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, a jerin motoci suke. A watan Fabrairun 2023, 'yan Najeriya 16 da aka kashe a Burkina Faso a kan hanyarsu ta zuwa Kaulaha, su ma cikin ayari suke. Allah ya jiƙansu, kuma ban ɗora wa waɗanda suka shirya tafiyarsu laifi ba. Darasin dai shi ne yawa ba garkuwa ba ne. Abin da yake rage haɗari shi ne samun labarin hanya na safiyar ranar, da tafiya da rana, da iya cewa yau ba za mu tashi ba. Wanda ya yi alkawarin gari uku a kwana uku, shi wannan kalma ta fi yi wa nauyi a baki, kuma shi ne zai sa direba ya ratsa dare don ya tsira da kuɗin masauki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, amma ba mai kwangila ba.

Abin haushi, wannan zaɓi na ko ejan ko kai kaɗai baƙo ne a wurinmu. Bahaushe bai saba doguwar tafiya shi kaɗai ba, bai kuma saba a kora shi ba. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa waɗanda da yawansu a ƙauyukan ƙasar Kano suka zauna, sun yi ta zuwa Gwanja tafiyar watanni a ƙarƙashin madugu. Jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, madugu yana shiryawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Abin lura, madugu yana cikin ayarin, dukiyarsa tana cikin kayan, in an tare hanya da shi aka tare. In an dawo kuma a ƙasa ɗaya za a zauna, wanda ya wofintar da ayari bana ba zai ga mabiya baɗi ba. Ejan na yau ko sunan ƙauyenku ba zai tuna ba, layin wayarsa ma yana iya canjawa kafin damina.

Misalin da ya fi wannan kusa da gwaggo yana cikin hubbaren da aka hana ta tsayawa. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijai mata da ƙananan 'yan mata suke tasowa daga ƙauyuka su zo wurinta ɗaukar karatu. Kowace tawaga tana da shugabarta, jaji, wadda Asma'u take naɗawa da hannunta, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji 'yar garinsu ce, ta san hanya, ta san karatun, tana tafe tana koya musu waƙoƙin da suke ɗauke da tauhidi da fiƙihu da tarihin Shehu. Su zauna su koya, su koma gida su koyar. Bayan rasuwar Asma'u a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe su. To ga tafiyar mata, ga jagora, ga tsari, tun babu kwalta babu mota. Mu da muke da mota da waya mun koma baya da har mace za ta tsaya taku kaɗan daga kabarin Asma'u ba ta sani ba.

Haka malaman Kano da suka tafi Kaulaha wurin Shehu Ibrahim Inyas a shekarun 1940, irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga. Zama suka je yi, suka karɓi tarbiyya, suka dawo da abin da ya sauya birnin Kano. Da leƙe suka yi suka sayo carbi, da yau babu mai tuna tafiyarsu.

Ko waɗanda ba addininmu ɗaya ba sun gane wannan. A Dutsen Atos na ƙasar Girka akwai gidajen ibada 20 na ruhubanawan Kirista. Ba a shiga sai da takardar izini, kuma a rana baƙi 100 daga mabiya ɗariƙarsu ta Otodoks ake bari, sai 10 daga waɗanda ba ita suke bi ba. Mata ba sa shiga ko kaɗan, wannan kuwa nasu ne, ba shi nake yabawa ba. Abin da nake nunawa shi ne wanda ya shiga a gidan zai kwana, abincinsu zai ci, da lokacin ibadarsu zai tashi. Sun fahimci cewa wurin da aka gina don natsuwa, gaggawa ce take kashe shi.

Ba na nufin tayar da tsohuwar muhawarar Izala da Ɗariƙa a kan ziyarar kaburbura. Amma 'yan'uwana masu ziyara su sani, ejan ne yake kai wa masu sukarsu hujja har gida. Idan aka sauke mutane hamsin babu wanda ya koya musu yadda ake sallama ga mamaci da abin da ya halatta a roƙa da wanda bai halatta ba, dole a ga mai shafar bango da mai ƙulla ƙasa a gefen zane. Alhali mai kabarin shi ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, har da babi a kan jana'iza da maƙabartu. Jaji ba za ta bari a yi wannan a gabanta ba. Ejan yana can yana ƙirga kawuna.

To me za a yi? Gari ya shirya tafiyarsa da kansa. Kowane ƙauye a nan yana da limami, da malamar Islamiyyar matan aure, da ɗan gari direba a tashar Ɗambatta ko Bichi. A haɗa mutum goma sha biyu ko sha biyar da suka san juna, a yi shatar mota ɗaya, kuɗi su zauna a hannun mutum biyu, a karanta lissafi a zaure bayan an dawo. A zaɓi jagora wanda ya taɓa zama a can, ba wanda ya taɓa wucewa ba. Wuri ɗaya a tafiya ɗaya: bana Sakkwato da Sifawa, in Allah ya kai mu wata shekarar Gwandu. Kafin a tashi a yi mako biyu ana karanta tarihin wurin bayan la'asar. A nemi masauki ta hannun zawiyya ko makarantar da malaminku ya sani. A ajiye kuɗin kwana ɗaya na ko-ta-kwana, saboda in labarin hanya ya zo ba daɗi a iya zama. In shekarar gaba ɗaya ba ta hanya ba ce, ga Katsina nan kusa, da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da hasumiyar Gobarau, a je da safe a dawo da rana tsaka washegari.

Wanda kuma ya ga ba makawa sai ya bi ejan, ya yi masa tambaya uku a gaban shaidu kafin ya miƙa ko kwabo. Awa nawa za mu yi a Hubbare? Wane malami ne zai yi mana bayani, kuma a ina ya yi karatu? In hanya ta ɓaci, wa zai biya kwanan da aka ƙara? In ya fara kame-kame yana cewa ai tafiyar Allah ce ba a yi mata ƙididdiga, ka tuna masa cewa kuɗin kujera da ƙididdiga ya karɓa.

Gwaggo ta sake shiga adashi bayan ƙaramar Sallah. Ta ce wannan karon ba ta son Wurno ba ta son Gwandu, so take ta yini a inda Nana Asma'u take, ta yi mata addu'a da sunanta. Malamar Islamiyyarsu ta fara yi musu karatun tarihin Shehu ranar Alhamis da Juma'a, mata tara sun ba da suna. Ni aka ɗora wa neman direba.