Coton Sport Ta Garwa: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Jama'a 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan ƙwallo take, amma kada wani ya ce ba ta shafe shi ba, domin filin Rumde Ajiya na Garwa shi ma kasuwa ne.

Duk wanda ya ga watan Janairun 2022 ya san haka. Da aka kawo gasar cin kofin Afirka Kamaru, a wannan fili da aka gina tun 1978 aka kuma sabunta shi Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, nan kuma Tunisiya ta fitar da ita. Mutane sun yi ta kwararowa daga Yola da Mubi, masu masauki da masu abinci da 'yan acaɓa da 'yan canji kowa ya samu rabonsa. To amma biki na ƙarewa baƙi suka watse. Abin da zai riƙa tara jama'a a filin nan shekara da shekaru shi ne ƙungiyar gida, wato Coton Sport.

Ƙungiyar nan ba kanwar lasa ba ce. An kafa ta a 1986, ta ɗauki kofin Kamaru na farko a 1997, kuma ta ɗauke shi fiye da sau goma sha biyar. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka, inda Al Ahly ta ci ta biyu da nema a Alƙahira, aka zo Garwa aka tashi biyu da biyu. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito, ɗan Garwa da ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a 2017. Tsohon mai tsaron gidan Nijar, Kassaly Daouda, shi ma ya yi mata wasa.

Sai dai duk wannan gini a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye, wato kamfanin auduga na Sodecoton. Kamfanin kan ba manomi iri da taki da magani bashi, ya cire kuɗinsa in an kawo auduga. A 2011, da auduga ta yi tsada a duniya, an yi ta haurar da ita Nijeriya ta ɓarauniyar hanya, bashin ya maƙale. Ranar da kamfani ya ji jiki ya tsuke bakin aljihu, ƙungiya ce za ta fara ji, sannan mai tuwo a ƙofar fili.

Wani zai ce ai kamfani da gwamnati sun fi mu kuɗi. Haka ne, amma cinikin ranar wasa aljihunmu yake shiga. Saboda haka shawarata ita ce, mu sayi tikiti mu bar neman shiga ta hannun ɗan uwa mai gadi. Manyan 'yan kasuwa su biya a kafa allon tallarsu a fili, ƙungiyoyin kasuwa su ɗauki nauyin gasar yara a unguwanni, direbobi su shirya motocin 'yan kallo daga garuruwan iyaka. Wanda kuma aka kawo masa audugar sumoga, ya tuna da bashin manomin da ke kanta kafin ya taya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya sa mu gane, amin.