Furen orkide cikin kwalba: mu ɗauki darasin, mu bar musu furen

Ƴan uwa malamai da iyaye, duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da hotunan ƙananan furanni da ake reno cikin akwatin gilashi. Sunan furen orkide, akwatin kuwa ana ce masa teraryum, mu kira shi lambun kwalba. Masu wannan kiwo a Turai da Amurka kukansu ɗaya ne: shuka ta fid da tohon fure, a yi makonni ana jiran ya buɗe, sai ya yi rawaya ya faɗi. A matsayina na malami a makarantar horar da malamai, ina ganin cikin kukan nan akwai darasin kimiyya da ya kamata ya shiga azuzuwanmu, ko da yake furen ba na ƙasarmu ba ne.

Dangin orkide sun haura iri 25,000, har vanila da ake sa wa kek tana cikinsu. Ƙananan da aka fi sakawa a gilashi, irin su Lepanthes da Masdevallia, yawancinsu daga duwatsun Andes suke, a Kolombiya da Ekwado, inda hazo ke lulluɓe daji kusan kullum. A jikin reshe suke zama, amma ba kamar kauci ba ne, don ba su shan ruwan itacen. Saiwarsu a fili take, tana shan raɓa da ruwan sama. Ba su da kumburin da wasu orkide ke adana ruwa a ciki, shi ya sa bushewar yini guda kan jigata su. Suna son laima kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, da sanyi, da iska mai kaɗawa a hankali.

Akwatin gilashin ma yana da tarihi. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro ya fito ya rayu cikin kwalbar da ya rufe, ba tare da an ba shi ruwa ba. Ruwan da ke ƙasar yana tashi, ya taru a jikin gilashi, ya sake gangarowa. Daga nan aka ƙera akwatunan da suka riƙa ɗaukar tsirrai a jirgin ruwa daga wata nahiya zuwa wata.

To, me ke kayar da tohon? Sau da yawa ba ciwo ba ne. Yin fure aiki ne mai cin ƙarfi, idan shuka ta matsu, shi take fara saki don ta tsira da ranta. Abin da ke matsa mata kuwa sauyi ne na farat ɗaya: zafi ya tashi don rana ta bugi gilashi, laima ta faɗi don an bar murfi buɗe, saiwa ta ruɓe don ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta motsi, ko an ɗauke tukunyar zuwa wani wuri. Akwai kuma iskar etilen, wadda nunannar ayaba da mangwaro da hayaƙi ke fitarwa. Ita ce ke sa ɗanyen mangwaro saurin nuna in an haɗa shi da nunanne, ita ce kuma ke sa fure ya zube. Don haka maganin ba ƙarin taki ba ne. Gogaggun masu kiwon sukan sa ƴar fanka a ciki, su yi ban ruwa da ruwan sama, su nisanta akwatin da rana da kayan marmari, kuma da zarar toho ya fito ba su ƙara motsa shukar.

Yanzu a duba Maraɗi ko Tawa. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, da hunturu iska na bushewa ƙarau, ga ɗaukewar wuta da za ta tsayar da fanka. Masdevallia kuwa tun kafin digiri 30 ta fara galabaita. Haka kuma cinikin orkide tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini. Uban da yaronsa ya nace a saya masa, ya riƙe kuɗinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma zubewar fure mun san ta. Ku tambayi mai lambun tumatir abin da ke faruwa in bazara ta shigo: fure ya yi ta zuba babu ƴaƴa, domin zafin rana da na dare sun lalata garin furen. Shi ya sa ake noman tumatir da sanyi. Yaron da ya gane dalilin faɗuwar tohon orkide ya gane abin da ke cin garkar mahaifinsa.

Ga abin da nake nema ga malamai. A samo kwalba biyu masu faɗin baki, a zuba tsakuwa da gawayi da ƙasa, a sa gansakuka da ƙaramin tsiro, a rufe. Ɗaya a inuwa mai haske, ɗaya inda rana ke taɓawa. Sannan a rufe shukar tumatir biyu masu fure da leda mai haske, a sa nunannar ayaba cikin ɗaya. Kowace safiya yara su duba, su ƙirga furen da ya faɗi, su rubuta a kaye tare da kwanan wata. Abu guda ake sauyawa, saura a bar su daidai. Asalin gwajin kimiyya ke nan.

Na san wani zai ce, yara na karatu a rumfar zana, ina mu ina zancen fure? Talaucin nan shi ne hujjata. Lakwal da ba ta da ɗakin gwaji ba ta rasa tsohuwar kwalba ba. Mun daɗe muna sa yara haddace yadda ruwa ke tashi sama ya dawo, alhali za su iya ganinsa yana tsatstsafowa a jikin gilashi, kuma gani ya kori ji. Iyaye, in yaro ya zo neman kwalbar da ba a aiki da ita, ku wanke ku ba shi, bayan mako guda ku tambaye shi abin da ya gani.