Baƙi a Gidan Ubanmu

Wata Lahadi cikin damina na je sujada a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Maraɗi. Da muka shiga sai muka tarar da majami'a ba shara. Iskar hadarin dare ta kwaso rairayi ta zuba bisa bencina, awaki kuma sun shiga ta inda ƙyaure ya lalace sun bar abin da suka bari. Nan da nan gunaguni ya tashi. Wani mai babbar riga ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗe takalminsa, yana cewa, "Wannan wane irin sakaci ne? Ina masu aikin?"

Masu aikin da yake nema mutum ɗaya ce, wata tsohuwa gwauruwa wadda kowa ke ce wa Inna. Shekara da shekaru ita ke sharar Asabar da yamma, ita ke cika randa, ita ke shimfiɗa wa yara tabarmi. Zazzaɓi ya kwantar da ita tun ranar Laraba, ba kuwa wanda ya sani. Ƙura ce ta ba mu labarin rashin lafiyarta. Mu fiye da arba'in muka yi cirko-cirko muna jiran a share mana, har ni mai wannan rubutu, sai da wasu ƴan mata biyu suka ruga gida suka ɗauko tsintsiya.

Ƴan'uwa cikin Almasihu, abin da nake so in faɗa ke nan ba ɓoye-ɓoye: da yawa cikinmu mun zama baƙi a gidan Ubanmu. Mukan zo a tarye mu, a nuna mana wurin zama, a karanta mana, a raira mana, mu tashi mu tafi muna auna wa'azi kamar masu sayen hatsi a kasuwa. Hidimar sujada mun bar wa mutum biyar ko shida, kusan dukansu mata da yara da talakawa. Wannan zunubi ne, ya kamata a kira shi da sunansa.

Ku lissafa hannuwan da sujada guda ke bukata kafin fasto ya buɗe baki. Akwai mai shara, da mai buga ƙararrawa, da mai tsaron ƙofa. Akwai mai karatun Nassi, da mai ba da waƙa, da masu ganga da caki. Akwai masu karɓar baiko da masu ƙirga shi, da malaman Makarantar Lahadi, da wadda ke wanke ƙoƙunan Jibin Ubangiji. A birane kamar Yamai da Damagaram akwai tafinta mai juya wa'azi tsakanin Faransanci da Hausa. In waɗannan suka janye hannu mako biyu kaɗai, me zai rage mana?

Wanda ke ganin wannan ƙaramin aiki ne, bari ya koma ga Littafi Mai Tsarki. Cikin 1 Tarihi sura 23, sa'ad da sarki Dawuda ya rarraba aikin Lawiyawa, mutum 4,000 ya keɓe domin tsaron ƙofofi, daidai da yawan waɗanda ya keɓe domin yabo da kayan kiɗa. Cikin Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura, amma Lawiyawa ne suka bi suna bayyana wa jama'a ma'anarta, aikin da tafintanmu ke yi har yau. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da gardama ta tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a nemo duk wanda ba shi da abin yi ba. Mutum 7 aka zaɓa, masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka yi musu addu'a, aka ɗibiya musu hannu. Ɗaya daga cikin masu rabon abincin nan shi ne Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda sunan Yesu. Ubangiji da kansa, a daren da aka bashe shi, ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa. To, kai wane ne da tsintsiya za ta rage maka girma?

Na san amsoshin da ake bayarwa, gama na sha jinsu. Wani zai ce, "Ai ina ba da zakka, aikin fasto ne ya ga an yi sauran." Malam, zakkarka ba kuɗin haya ba ce. Ba ka sayi bawa da ita ba. Kai ma ka sani fastocinmu da yawa a karkara noma suke yi su ci, wani kuma yana kiwon garke biyu ko uku masu nisa da juna. Ranar da yake can, wa zai tsaya a nan? Wata za ta ce, "Ni ban yi makarantar Littafi ba." Gaskiya ne, amma ba a neman takarda wajen riƙe wa mai jego jariri don ta ji Maganar Allah. Wani kuma, musamman cikin samarin birni masu kaɗa fiyano da jita, zai ce, "Sai a biya mu." A nan sai mu yi adalci. In saurayi ya kashe kuɗin man babur ko na igiyar jita daga aljihunsa, daidai ne ikilisiya ta maida masa, kada a ci zalinsa da sunan sa kai. Amma wanda ke ƙaura daga wannan majami'a zuwa waccan domin an ƙara masa jika guda, ya san cewa sana'a yake yi, ya daina kiranta sujada.

Laifin kuwa ba na masu zama a benci ba ne kaɗai. Mu dattawa da fastoci muna da namu kason, mai nauyi ma. Sau nawa aka miƙa wa yaro Littafi ana cikin waƙar farko, aka ce, "Tashi ka karanta," ya hau yana tuntuɓe da sunayen sarakunan Yahuza, jama'a na dariya? Gobe ya ƙi, mu ce yaran zamani ba su da himma. An kammala juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa Hausa tun 1932 domin a ji shi a gane, mu kuma muna barin a karanta shi kamar ana tauna tsakuwa. Sau nawa mai tsaron ƙofa ya ta da talaka daga bencin gaba don mai mota ya iso? Wannan shi ne ainihin abin da Yakubu ya tsauta wa masu bi a kai cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa, mu ne kuwa muka koya wa mai tsaron ƙofa haka da idanunmu. Akwai kuma shugaban da ke riƙe kome a hannunsa, daga mabuɗi har kwandon baiko, don tsoron kada wani ya yi fice, sa'an nan ya koka wai ba mataimaki.

Ƴan'uwanmu na Katolika sun daɗe da sanin darajar katikis a ƙauyen da fada ba ya isa sai jefi-jefi. A shekarar 2021 Paparoma Faransis ya maida aikin katikis hidima tabbatacciya wadda ake naɗa mutum a kanta, ya kuma buɗe wa mata hidimar karatu da ta taimako a bagade bisa doka. Ba lalle mu kwaikwayi tsarinsu ba, amma mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu tsai da masu shara da masu karatu gaban jama'a mu yi musu addu'a?

Kada mu manta inda muke. Mu masu bi a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Tun da ma'aikatan SIM suka sauka Damagaram a 1924, bishara ba ta yi tafiya da ƙafar Turawa kaɗai ba. Manoma da ƴan koli da matan zumunta ne suka kai ta ƙauyuka, suka yi sujada ƙarƙashin itace kafin a sami mai bishara. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Ikilisiyar da ta dogara ga gini da mutum ɗaya, irin wannan rana kan watsa ta. Wadda ke da masu karatu goma da masu ba da waƙa biyar tana iya taruwa ko a tsakar gida. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowace majalisar dattawa. A rubuta ayyukan sujada duka, a raba su bi da bi, kada wani aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A ba mai karatu ayoyinsa tun tsakiyar mako, a kuma sami wanda zai saurare shi kafin Lahadi. Baiko kuwa, mutum biyu ko uku su ƙirga shi tare su rubuta, don a tsare sunansu daga zargi. Sau ɗaya a shekara a keɓe Lahadi ta yi wa masu hidima addu'a. Sa'an nan sunan dattawa da ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa ya fara fitowa a jerin masu shara, gama abin da babba ya yi shi yaro kan ɗauka. Mu da muka san gayya a gona, muka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bai kamata a koya mana wannan ba.

Bayan sujadar ranar nan muka tafi gai da Inna. Muka same ta kwance bisa tabarma, jikokinta na yi mata fifita. Muna gama gaisuwa sai ta ɗaga kai ta ce, "Ƴaƴana, an dai share ɗakin Ubangiji?" Ba wanda ya iya duban fuskarta. Asabar mai zuwa, ɗan'uwa, tsintsiya tana nan bayan ƙyaure. Allah ya ba mu zuciyar bayi a gidansa. Amin.