Dogon Jak Ba Abin Wasa Ba Ne

Damina ta sauka, hanyoyin gona daga Turawa zuwa Karaye da Rogo sun jiƙe. Da motar taki ta kafe a laka, sai ka ji direba ya ce, "Yaro, ɗauko dogon jak!" To, a nan hatsarin ya ke.

Irin wannan jak, wanda kamfanin Bloomfield na Amurka ya soma ƙerawa a 1905, yana ɗaga kimanin tan 2. Amma ga tsawo, ga ƙaramin gindi, ba wuya ya goce. Mariƙinsa kuwa, in ya kuɓuce wajen sauke mota, sai ya yi sama ya fasa wa mutum haɓa.

Saboda haka a rage kaya tukuna, a sa wa tayoyi weji, a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak. Kafin a juya ɗan ƙarfen saukewa, a tsai da mariƙi jikin sandar. A kama shi da hannu biyu, a kau da kai gefe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota.

Alhakin koya wa yaron mota wannan yana wuyan direba da mai mota. Gara taki ya kwana a hanya da yaro ya kwana a asibiti.