Windows ta sassauto, saura shagunanmu

A shekarar 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da cutar daji. Linux dai ba ta da maigida, kowa na iya leƙa cikinta, ya gyara, ya rarraba kyauta; laifinta a wurinsa shi ne lasisinta, wanda ya ce yana tilasta wa duk wanda ya yi amfani da ita ya buɗe tasa manhajar ga kowa. Sai ga shi a 2016 kamfanin da kansa ya saka wa Windows 10 wani sashe mai suna WSL, wanda ke ba mutum damar aiki da manhajojin Linux ba tare da ya goge Windows ɗinsa ba. A 2019 ya wallafa bayanan exFAT, tsarin da ake shirya memori da filash da shi, har aka shigar da shi cikin Linux. A 2023 kuma Windows 11 ta fara buɗe fayilolin RAR da 7z da kanta, ta hanyar libarchive, aikin da masu sa-kai suka yi a bainar jama'a.

Kada wani ya ɗauka tausayi ne ya kama su. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet yawancinsu da Linux suke aiki, wayoyin Android ma a kanta aka gina su. Kamfanin ya ga idan bai bi ƙa'idar da kowa ke bi ba, masu rubuta manhaja za su bar shi. Ko ma mene ne dalili, mun amfana.

Abin da ya dame ni yana nan kusa da gida, a shagunan buga takardu na Kinkinau da Unguwar Mu'azu, har zuwa Tudun Wada wajen Kaduna Polytechnic. Magana nake a kan haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

A shekarun 1990 ba a da hanyar da za a bi a same su cikin sauƙi a kwamfuta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa irin su Rabiat da Abdalla, marubuta da maɗaba'u suka rungume su, aka buga littattafai masu yawa. Allah ya saka masa da alheri, domin ya share wa Hausa hawaye a lokacin da manyan kamfanoni ba su san da zamanta ba. Sai dai dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafin Hausa a kai. Idan takardar ta je kwamfuta ko wayar da ba ta da wannan salon, sai harafin ya koma alamarsa ta asali, rubutu ya cika da baka-baka da tarkace. Ba ya bincikuwa a intanet, ba ya kwafuwa lafiya zuwa WhatsApp.

Unicode, ƙa'idar da ba mallakar kowa ba ce, ta fara ba kowane harafi lambarsa tun farkon shekarun 1990, har da namu, manya da ƙanana. An gina Windows NT a kanta a 1993, kuma daga 2019 ko Notepad da tsarin UTF-8 na Unicode yake ajiye rubutu. Akwai madannan Hausa a cikin Windows, akwai a Gboard na waya. Ba a biyan ko kwabo.

Duk da haka, ka kai sanarwar makarantar Islamiyya ko katin ɗaurin aure, za ka tarar yaron shago ko dai ya jawo tsohon salon da ya gada a kwamfutar maigidansa, ko ya manna wa harafi waƙafi a ka, ko ya watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. Ban ga laifinsa sosai ba. Babu wanda ya nuna masa, mu masu kawo aikin kuma ba ma tambaya.

Haka zancen yake a tsarin fayil. Tsarin ajiye takardu na ODF ya zama ƙa'idar duniya a 2006, Microsoft Office ta karɓe shi a 2009, gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi don takardunta a 2014. Wanda ba shi da kuɗin lasisi yana iya buɗe irin wannan takarda da LibreOffice kyauta, ba sai ya nemi kwafin sata ba.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da hukumar NITDA su wajabta cewa duk takardar Hausa da hukuma za ta fitar a rubuta ta da Unicode, a kuma ajiye ta a tsarin da kowa zai iya buɗewa. Jami'o'inmu su juya tsofaffin littattafan da aka buga da Rabiat kafin kwamfutocin da ke ɗauke da su su mutu. Kai kuma mai shago, ka ware wuni guda ka saita madannan Hausa, ka koya wa yaranka.