Daga Rumfata a Garwa: Wata uku ba shekara uku ba ne



Ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako. Yaron ya zo mini daga Kano bara, yana taya ni tsaron rumfar atamfa a babbar kasuwar Garwa. Ran wata Lahadi na aike shi kasuwar Pitowa da kaya, bai dawo ba sai bayan isha'i, jiki duk a sanyaye. Ya ce, "Kawu, takardar nan fa da ka biya mini ta bogi ce." An tare shi a hanya, an duba, lambar da ke jiki ba ta cikin rajistar kowa.

Laifina ne, ba zan ɓoye ba. Wani dillali ne ya ce mini, "Alhaji, kada ka ɓata kwanaki a layi, kawo kuɗi da hoto, sati biyu ka karɓa." Na ba shi, don ina ƙyashin rufe rumfa. Yau ga shi kuɗi sun tafi, dillali ya ɓace, yaro kuma ya kusa kwana a hannu.

Bari in faɗi yadda abin yake, don da yawanmu muna ruɗewa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. 'Yancin yawon da muka saba da shi in za mu Kwatano ko Akara bai biyo mu nan ba. Abin da ya rufa wa ɗan Najeriya asiri shi ne yarjejeniyar 1963 tsakanin ƙasashen biyu, wadda ta ba shi damar shigowa ba biza har kwana 90. Yarjejeniyar ba ta haɗa da ɗan Nijar ba. Kuma kwana 90 na baƙunci ne. Wanda ya kama haya, ya buɗe rumfa, ya ɗauko iyali, doka ta 10 ga Janairun 1997 ce ke kansa, sai ya mallaki katin zama, wanda a nan muke kira kart sejur. 'Yan sandan shige da fice ke bayarwa, shekara biyu yake yi a sabunta. Wanda ya daɗe yana sabuntawa ba yankewa yana iya neman babban kati na shekara goma.

Wanda ya zo aikin albashi, direba ne ko makanike ko mai gini, nasa ya fi nauyi. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ce sai minista ya sa hannu a kan kwantiraginsa kafin ya fara aiki, kuma mai gidansa ne zai nema. Tun daga 2023 an ɗora kuɗi a kan wannan sa hannun, gwargwadon albashi: wanda ba ɗan Afirka ba albashin wata biyu, ɗan Afirka kuma an yi masa rangwame.

To, ina matsalar? Nisa da yawan ƙofofi. In fasfonka ya mutu, ofishin jakadancin Najeriya yana Yawunde, ƙananan ofisoshinsa kuma suna Duwala da Buya, duk a kudu. Sai ka hau mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa, ko kuma ka tsallaka Yola. Takardun kuma da Faransanci ko Turanci suke, alhali cinikinmu da Hausa da Fulatanci muke yi. Duk inda hanya ta yi tsawo haka, dillali ne ke cin riba, baitulmali ba ya ganin ko dala.

Abin da nake roƙon hukuma ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 2023 an mayar da neman bizar Kamaru ta intanet, mutum ya cike ya biya daga ɗakinsa. A Garwa ma akwai cibiyar rajistar kamfanoni, inda aka tara ma'aikatan haraji da na kotu a rufi ɗaya. Me zai hana baƙo ya samu irin wannan? Ƙofa ɗaya, jerin takardun da ake bukata a liƙe a bango, farashi a rubuce, rana a yanke, da tafinta mai jin Hausa da Fulatanci. Su kuma namu na jakadanci su riƙa zuwa arewa ko da sau biyu a shekara su sabunta fasfo. Baƙon da ke da takarda shi ke biyan haraji da rana tsaka, shi kuma hukuma ta san inda yake kwana.

Kafin Allah ya kawo wannan, mu gyara namu. Ka je da ƙafarka, kada ka aika. Kada ka ba da ko sefa ɗaya ba rasit mai hatimi. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka bar kwafi a gida. Ka fara sabuntawa tun kafin kati ya mutu. Iyayen gida, ke ma kina bukatar naki katin, na maigida ba ya rufe ki. In aka haihu a nan, a yi wa jariri takardar haihuwa da wuri, don ba ita yaro ba ya zana jarrabawar gama firamare.

Ni dai na rufe rumfa kwana uku, na raka ɗan yayata da kaina, mun shigar da takardunsa, an ba shi rasit na wucin gadi. Cinikin kwana ukun bai kai rabin abin da dillali ya ci ba.

Allah ya tsare mana mutuncinmu a ƙasar mutane. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.